ZARE: "Lita nawa take sha?" Tarihin motar haibirid, daga Japan zuwa Ƙofar Kwaya

1/ Jiya bayan la'asar muna zaune a majalisarmu ta Ƙofar Kwaya, sai ga wani yayanmu ya faka Camry haibirid ɗinsa, ya fito rai a ɓace. Ya ce, "Wallahi an cuce ni. Dillali ya ce mani ba ta shan mai. Na je Kano na dawo, allura ta sauka kamar ta kowa." Filinsa ya sayar ya sayi motar nan.

2/ Na ce, "Yaya, zauna ka sha ruwa. Ƙila an cuce ka, ƙila kuma ba a yi maka bayani ba ne." Abin da na gaya masa shi zan jero a nan, don na san akwai masu shirin saye. Zaren da ɗan tsawo, kuma sai mun koma baya shekara hamsin. Ku biyo ni.

3/ Tambayar "lita nawa take sha?" sabuwa ce a wurinmu. Iyayenmu ƙarfin mota suke tambaya, da sauƙin kayan gyara. A 1973, shekarar da aka fara kashe naira, litar fetur ba ta kai kwabo 10 ba. Da kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, 504 ta cika tashoshi, ba wanda ke lissafin mai.

4/ A 1973 ɗin nan dai aka yi yaƙin Larabawa da Isra'ila a watan Oktoba. Ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu. Mu kakarmu ta yanke saƙa: kuɗi suka shigo, aka biya Udoji, ma'aikata suka sayi babura da motoci. Japan kuwa, da kusan duk manta saye take yi, ta shiga uku.

5/ Ka ga abu ɗaya ya koya wa ƙasashe biyu darasi daban. Mu muka koyi cewa mai arha ne. Su suka koyi cewa kowane ɗigo kuɗi ne. Haɗa injin fetur da na lantarki ba sabuwar dabara ba ce, tun wajejen 1900 Ferdinand Porsche ya ƙera irinta a Ostiriya. Nauyi da tsada da arhar fetur suka binne ta.

6/ Sai a Disamban 1997 Toyota ta fito da Prius a Japan, haibirid ta farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. Honda ta biyo da Insight a 1999. A 2005 aka samu Lexus RX 400h da Highlander, a 2006 Camry haibirid. A lokacin da Prius ta fito, mu lita naira 11 muke saye. Wa zai kula ta?

7/ Mu Katsinawa ma arhar ta fi shafarmu. Mai ya fi sauƙi a nan fiye da Nijar, don haka jarkoki suka yi ta tsallakawa ta Jibiya zuwa Maraɗi shekara da shekaru. Har ta kai a Nuwamban 2019 kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Layi da 'yan bumburutu mun sha su, amma farashin gwamnati na ƙasa.

8/ Ku tuna yadda ya yi ta hawa. Zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sauko har naira 65. Janairun 2012 ya tashi 141, aka yi zanga-zanga ya koma 97. Mayun 2016, 145. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, cikin kwanaki ya doshi 500 har ya wuce. Kafin ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000.

9/ To a nan ne tamu 1973 ɗin ta iso, bayan shekara hamsin cif. Masu manyan motoci suka ajiye suka hau babur. Motar da da ake gudu saboda tsoron batir, ita dillalai suka fara tallatawa. Sai dai da yawanmu mun saye ta ba tare da mun san ta inda take rage man ba.

10/ Ga yadda take aiki a taƙaice. Tana da injin fetur, da injin lantarki, da babban batir a bayan kujerar baya ko ƙarƙashinta. In ka tsaya, injin fetur ya mutu. In za ka tashi a hankali, lantarki ya ja. In ka taka birki, ƙarfin da a wata mota zai tafi a zafin birki, ita sai ta mayar da wani kaso nasa caji cikin batir.

11/ Ka gane ke nan ribarta tana wurin tsaya-tafi. Cunkoson bakin Babbar Kasuwa, kai yara makaranta, Napep ya sha gabanka ka tsaya, ka sake tashi. Amma ka miƙi hanyar Kano, kilomita wajen 170, totur a ƙasa ba birki, injin fetur ne ke aiki kusan duk tafiyar. Batirin ma sai ya zama kaya da kake ɗauke da shi.

12/ Ga alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka kan Camry ta 2008, na mayar da su lissafinmu. Cikin gari: ta fetur zalla mai silinda huɗu kusan kilomita 9 a lita, haibirid kusan 14. Kan babbar hanya: ta fetur kusan 13, haibirid 14 da rabi. Dubi tazarar gari, dubi ta hanya.

13/ Mu buga lissafi da su. Kilomita 1,000 cikin gari: lita 111 da lita 71, ka tsira da 40. Kilomita 1,000 kan hanya: lita 77 da lita 69, ka tsira da 8 kacal. In lita naira 1,000 ce, wancan ya ajiye 40,000, wannan 8,000. Shi ya sa Yaya bai ga komai ba a tafiyar Kano.

14/ Su ma alƙaluman takarda ba wahayi ba ne. A Japan an rubuta wa Prius ta farko kilomita 28 a lita, a gwajin da ba ya kama da tuƙin kowa. A Amurka masu motoci suka yi ta ƙorafi, har hukumar ta sauya gwajinta a 2008, ta shigo da gudu da kunna esi. Prius ta lokacin ta faɗo daga kusan kilomita 23 a lita zuwa ƙasa da 20.

15/ Wannan fa sabuwar mota ce a Amurka. Tamu kuwa Beljiyam ce. Garantin da Toyota ke ba batirin a wancan lokacin shekara 8 ne ko kilomita 160,000. Motar 2008 ta daɗe da wuce nan kafin ta sauka Legas ko Kwatano. Batir in ya gaji ba ya riƙe caji, injin fetur sai ya riƙa tashi a kai a kai don ya cika shi.

16/ Sai zafinmu da ƙurarmu. Watan Afrilu a Katsina maki 40 ba labari ba ne, kuma zafi shi ne babban mai cin batir. Akwai ƴar fanka da ke zuƙo iska daga cikin motar tana hura masa, ƙofarta na wajen kujerar baya. Ƙurar hunturu ta toshe ta, ko a jibga kaya a kai, batir ya yi zafi, kwamfutar motar ta rage amfani da shi, mai ya ƙaru.

17/ To mi za a yi? Na farko, auna. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, mayar da ƙidayar tafiya sifili. In ka koma, cika a gida ɗaya, famfo ɗaya, don wasu na tauye mudu. Raba kilomita da litar da ta shiga. Yi haka sau uku, na gari daban, na hanya daban. Allura ba ta isa hujja ba.

18/ Na biyu, ƙafarka. Fara rage gudu tun daga nesa, taka birki a hankali, a nan ne take caji. Birkin gaggawa zubar da riba ne. A hanya kuma, iskar da ke tokare mota tana ninkawa ne da gudu: wadda ke kan mai tafiya 120 ta kusa ninka wadda ke kan mai tafiya 90. Sauƙaƙa, ka tsira da mai, ka tsira da rai.

19/ Na uku, taya. Adadin iskar na rubuce a jikin ƙofar direba, ka sa mai faci ya auna da safe kafin taya ta yi zafi. Na huɗu, baƙin mai: sa marar kaurin da littafin motar ya ce. Na biyar, faka a inuwa. Zama cikin mota da esi a kunne ana hira ba kyauta ba ne, injin zai riƙa tashi yana biyan bashin.

20/ Na shida, gyara. A share fankar batir bayan kowane hunturu. Kwamfuresan esi na yawancinsu na lantarki ne, yana da nasa mai na musamman, in aka zuba na sauran motoci an jawo aiki. Wayoyin nan masu ruwan lemo ɗauke suke da wuta sama da bolt 200. Kar ka bari yaron gareji ya koyi aiki a kansu.

21/ Mai shirin saye: kafin ka biya, a sa kwamfuta a duba batirin gida-gida, a ga ko wani ya yi ƙasa da ƴan uwansa, sannan a tambayi kuɗin canji a cire a ciniki. Ka kuma tambayi kanka ina kake zuwa kullum. In gari ne, za ta biya ka. In Katsina zuwa Kano ko Abuja ne sana'arka, ƙaramar mota ta fetur mai lafiya ba za ta ba ka kunya ba.

22/ Kafin magariba muka leƙa ƙofar fankar motar Yaya. Ƙura ta yi mata dam, ga dardumar salla a kai. Ya yi shiru, can ya ce, "To ai ba wanda ya gaya mani." Mun yi da shi zai auna tanki uku kafin ya koma wa dillali. In ya kawo lissafin zan sa shi a ƙarƙashin zaren nan.

23/ Masu haibirid a Katsina, Daura, Funtuwa, Maraɗi, ku ajiye mana naku: wace mota, wace shekara, kilomita nawa a lita, gari ko hanya. Wanda aka auna, ba na "ina jin" ba. Allah Ya kawo mana sauƙi, Ya tsare mu a hanya. Amin.