Dokokin hawan babur mai ƙafa huɗu ga yara a Amurka

Babur mai ƙafa huɗu, wanda ake kira ATV, abin hawa ne mai manyan tayoyi da aka ƙera domin gona, daji da rairayi. Yana da nauyi, yana saurin kifewa a kwana ko gangare, kuma sai mahayi ya karkata jikinsa kafin ya juya shi. Yaro ba shi da ƙarfin yin haka, shi ya sa babur ɗin manya yake danne shi idan ya kife.

Kamfanin Honda ya fito da irin wannan babur, amma mai ƙafa uku, a 1970. Da haɗurra suka yawaita, gwamnatin Amurka ta cim ma yarjejeniya da kamfanoni a 1988: aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku, aka kuma hana dillalai sayar da mai injin da ya wuce cc 90 don yaron da bai kai shekara 16 ba. Wa'adin yarjejeniyar ya cika a 1998. Dokar tarayya ta 2008 ta mayar da ƙa'idojin ƙira wajibi a ƙarƙashin hukumar kula da amincin kayayyakin da jama'a ke saya, wato CPSC.

Sai dai batun shekarun mahayi da hular kwano yana hannun jihohi, kuma sun sha bamban ƙwarai. Jihar Massachusetts ta tsaurara dokarta a 2010, inda ta hana 'yan ƙasa da shekara 14 hawa sai a gasar da manya ke sa ido. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa tana ganin kada wanda bai kai 16 ba ya hau ko kaɗan.