Gaɓar Tiga: Yadda Bakin Ruwa Ya Tara Masu Iko

Wanda ya so kafa wani abu a bakin tafkin Tiga a yau, ko rumfar sayar da kifi ce, ko dandamalin da kwale-kwale zai riƙa tsayawa, ko ɗakin injin ban-ruwa, zai tarar da ƙofofi da yawa a gabansa. Akwai dagaci da hakimi. Akwai ƙaramar hukuma, Bebeji ko Tudun Wada ko Rano, gwargwadon gefen da yake. Akwai ma'aikatar ƙasa a Kano, sannan ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya. Kowannensu yana da hujjar da zai ce sai da izininsa. Ba rana ɗaya aka tsara wannan ba. Kowane zamani ya zo da mai ikonsa, kuma bai sallami wanda ya tarar ba.

Kafin dam, Kogin Kano ruwan damina ne. Yana gangarowa daga tsaunukan kudu ta ƙasar Doguwa, ya ratsa dajin Falgore da Tudun Wada, ya cika ya batse a watan Agusta, da rani kuma ya koma yashi da 'yan gurabe. A lokacin ba a bukatar takarda don hana mutum gini a gaɓa, domin kogin da kansa yake rushe abin da aka sa masa a hanya. Abin da ake tsarawa shi ne amfani. Sarkin Ruwa ke faɗin ranar da za a yi su a gurbi kaza, masu fito suna da mashiginsu, fadama tana hannun dagaci yana raba ta, makiyaya kuma suna da burtali da mashaya waɗanda ba a nomewa.

Ƙarƙashin wannan al'ada akwai fikihun Malikiyya. Malamai sun san hukuncin harimi, wato filin da ke kewaye da rijiya ko kogi ko gari, wanda ba a mallaka wa mutum ɗaya saboda jama'a na bukatarsa don kaiwa ga ruwa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan mallakar matacciyar ƙasa a littafinsa Ta'alimur Radi. Wato ƙa'idar barin tazara tsakanin gini da ruwan jama'a tana nan a ƙasar Hausa tun kafin a san ofishin safiyo.

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1910 suka fitar da dokar da ta sa dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, a matsayin amana ga 'yan ƙasa. Amma maganar mallakar ruwa ta wata ƙofa ta shigo, ƙofar ma'adinai. Dokar ma'adinai ta mulkin mallaka, wadda aka sabunta a 1945, ta ce duk ma'adinan Najeriya, haɗe da koguna da rafuka da magudanan ruwa, na Sarautar Ingila ne. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san Riruwai: kuza ba ta wankuwa sai da ruwa, kuma kamfanonin da ke haƙar ta a can da kan tudun Jos suna bukatar izinin tare rafi da karkatar da shi. Lasisin ruwa a wannan doka don mai haƙar ma'adinai aka yi shi, ba don masunci ba. A ƙarshen shekarun 1940 kuma aka keɓe dajin Kogin Kano, wanda ya zama gandun namun daji na Falgore a 1969, aka hana noma da zama a gaɓar kogin ta wannan sashe.

Sai zamanin Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Shi ne ya canza fuskar ƙasar baki ɗaya. An fara da dam ɗin Bagauda a ƙasar Bebeji, sannan aka gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ke cin yankin Sahel. Bangonsa ya kai tsayin mita 48, tsawonsa kusan kilomita 6, tafkin ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya riƙe kusan kubik mita biliyan 2 na ruwa. Daga nan ake shayar da gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, ake kuma sako ruwan da birnin Kano ke sha.

An tashi ƙauyuka, fadamun kaka da kakanni suka nutse, dubban mutane suka koma sababbin matsugunai. Aka samu gaɓa mai tsawon gaske a inda da babu ita, kuma babu wata al'ada da ta san yadda za a yi da ita, domin Sarkin Ruwa gurbi ya gada, bai gaji tafki ba. Manyan gine-ginen farko a bakin waɗannan ruwaye na gwamnati ne: otal ɗin Rock Castle a kan dutse a Tiga, da otal ɗin Bagauda, wanda yanzu ya zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya. Mai ginin shi ne mai ƙasar, shi ne kuma mai dam ɗin, don haka babu wanda za a je neman izini wurinsa. Dokar da ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli ba ta zo ba sai 1992, shekara 18 bayan an kammala Tiga.

Abin da jiha ta gina, tarayya ta karɓa. A 1976 gwamnatin soja ta kafa hukumomin raya koguna guda 11, Tiga ta koma hannun ta Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano. Shekara biyu bayan haka, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara. Nan ne tushen rikicewar. Ruwa na wani, tudu na wani, alhali iyakar da ke tsakaninsu tafiya take yi. Da kaka tafki yana cike har bakin gonaki. Kafin bazara ya ja da baya ya bar fili mai danshi, mutane su bi shi da shuka, masu kifi su matso da rumfunansu, shanu su sauko. Wannan zirin, wanda rabin shekara ruwa ne rabin shekara gona, shi ne wurin da talaka ke cin abinci, kuma shi ne wanda dokokin biyu suka fi yin shiru a kansa.

A watan Agustan 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ci rayuka da gidaje da gonaki. Tsoron kada Tiga ta bi sahu ya sa a 1992 aka rage tsayin mafitar ambaliyarta da mita uku da rabi. Ruwan da take iya riƙewa ya ragu sosai, layin cikarta ya sauka, ƙasar da ta yi shekaru a ƙarƙashin ruwa ta fito sarari. Injiniyoyi lafiyar bango suka duba, kuma sun yi daidai. Sai dai matakin nasu ya sake zana gaɓar tafkin gaba ɗaya.

Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ce ta fara magana kai tsaye. Ta ba gwamnatin tarayya iko da duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, kuma Kogin Kano na ciki ba tantama: yana haɗuwa da Challawa su zama Kogin Haɗeja, ya ratsa Jigawa da Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Dokar ta bar wa kowa damar ɗiban ruwan gida da shayar da dabbobi kyauta, da yin su da shiga jirgi. Amma tare ruwa, ko karkatar da shi, ko kafa ginin sarrafa shi don kasuwanci, sai da lasisin minista. A 1997 aka kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida mai hedikwata a Lokoja, aka ba ta ikon ba da izinin gina matsayar jirage da yashe ruwa, da kuma iko da mita 100 daga gaɓar hanyoyin ruwan da aka ayyana. Manyan koguna irin Neja da Binuwai da tafkunan Legas aka duba wajen rubuta ta, kuma a can aka yi shari'a a kanta, har Kotun Ƙoli ta tabbatar wa tarayya ikon a Janairun 2024. Ƙudurin da aka kai majalisa a 2017 don haɗe dokokin ruwa wuri guda ya gamu da adawa mai zafi, musamman kan batun gaɓar koguna, har majalisa ta tara ta tashi a 2023 bai zama doka ba.

Abin da ke damuna shi ne duk wannan tarin dokoki manyan abubuwa yake gani: dam, otal, tashar lantarki mai megawat 10 da Jihar Kano ta gina a Tiga. Ƙaramin mashigi, inda mata da yara ke hawa kwale-kwale ranar kasuwa, ba ya cikin lissafin kowa sai an yi rashi. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai da mutanen Badau, aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Bayan nan ne gwamnatin jiha ta dakatar da jigilar fasinja a ruwan. Ƙauyukan da tafkin Tiga ya raba su ma da jirgi suke haɗuwa. Ginanniyar matsaya da ke da mai kula da ita, wanda zai ƙirga fasinja ya duba rigunan ruwa kafin a tashi, ita ce ginin bakin ruwa da mutanen Bebeji da Tudun Wada suka fi bukata, kuma kowace daga cikin hukumomin nan tana da hurumin da za ta iya fara ta.