Magudanar Gwaji

Magudanar gwaji doguwar hanyar ruwa ce da ake ginawa a ɗakin bincike, galibi da bangon gilashi, domin a ga yadda ruwa ke gudu da yadda yake kwasar yashi da tsakuwa. Inji ne ke zagayawa da ruwan, mai bincike kuma yana iya ƙara gangara ko ya rage zurfi, abin da ba ya yiwuwa a kogi.

Masanin ƙasa Grove Karl Gilbert ya yi irin wannan gwaji a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 1914. A 1936 Albert Shields, a Berlin, ya auna ƙarfin ruwan da ke sa ƙwayar yashi ta fara motsi. Har yau injiniyoyi na dogaro da ma'auninsa wajen tsara gadoji da hanyoyin ban ruwa.

Masana halittu ma na saka kifi a cikin magudanar gwaji su auna juriyarsa wajen iyo, don a tsara masa mashiga a madatsun ruwa. Sai dai bangon magudana kan sauya gudun ruwa, shi ya sa ake gwada sakamakon da na kogi. Wasu magudanan dogaye ne ƙwarai: magudanar Delta da ke Delft, a Holan, wadda aka buɗe a 2015, tsawonta mita 300 ne.