Daga Mazari Zuwa Kwarashi

Da wuya yanzu a yi suna a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kebbe ba a fito da jariri naɗe cikin shawul ba, fari ko shuɗi ko ruwan hoda, mai raga-raga, an zagaye bakinsa da ado kamar leshi. Haka nan in kika shiga ɗakin amarya ba kya rasa marufin kwano ko shimfiɗar tebur da aka saƙa da kwarashi. Mun saba da abin har wasunmu suna zaton gadonsa muka yi kaka da kakanni. To kwarashi baƙo ne, ko shekara 100 bai cika ba a hannun yawancin matan ƙasar nan. Abin da ya zo ya tarar shi ne tsoho, wato mace ta zauna a ɗakinta da zare a hannu ta nemi na kanta. Tarihin nan nake so mu bi tare, domin akwai abin da kakanninmu suka riƙe wanda ya suɓuce mana.

Tambuwal dai gari ne na gidan Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma bayan jihadin 1804 ya zama wurin tsaro a bakin iyaka da Kabawa. Mutanen wancan zamani ba su raina aikin hannu ba ko kaɗan. Shi kansa Shehu an ruwaito cewa yana tufkar igiya don ya ci guminsa, kuma ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riƙe mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rinƙa kwaɗaitar da a zaunar da masu sana'a a garuruwa. In maza na saƙa da rini da ɗinki, to wa yake ba su zare? Mata ne. Ko wace riga ko rawani ko zane ko gwado, daga yatsun mace ya faro.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Idan aka tsinko auduga da kaka, sai mace ta ɗora ta a kan dutse ta murza da ɗan ƙarfe har angurya ta fita, shi ne gurza. Daga nan sai shiɓa, ta sa ɗan baka tana kaɗa tsirkiyarsa cikin audugar har ta tashi ta yi laushi. Sannan a zo ga kaɗi, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari yana juyi, hannun hagu yana sakin auduga a hankali, zare yana fita. Mai kauri shi ne abawa, siriri kuwa shi ke da tsada, kuma da shi ake gane gwana. Masaƙi ɗaya sai ya cinye zaren mata da yawa, shi ya sa dillaliya ba ta rabuwa da zaga gidaje, kuma ranar kasuwa zare baya kwantai. Wasu matan ma suna da masaƙarsu ta tsaye a cikin gida, suna saƙa zane mai faɗi da majanyin goyo.

Kada ki ɗauka ɗan abin cefane ne kawai. Wani Bature Bajamushe mai suna Barth ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. A nan kusa da mu kuma ga kasuwar Jega, wadda ta yi suna a wancan ƙarni, fatake suna haɗuwa daga kudu da arewa. Duk wannan dukiya a kan tsinin mazari take tsaye, amma in an zo ba da tarihi sai a ambaci sarakuna da madugai, a manta da tsohuwar da ta kwana kaɗi a gaban fitilar aci-bal-bal.

Kakata ta wajen uwa mutuniyar ƙasar Kebbe ce, na kuma taso na tarar da mazarinta a cikin wata 'yar taskira, ko da yake a lokacin ido ya yi rauni ta daina. Ta kan ce mini, "Ɗiyata, maccen da ka kaɗi ba ta roƙon gishiri ga kowa." Da kuɗin zare ta yi adashi, da shi ta sayi tunkiya, da shi ta yi wa 'ya'yanta mata tasoshi da ƙwarya, da shi take fita kunyar biki. Kuɗin nata ne ita kaɗai, domin shari'a ta ba mace dukiyarta, miji ba ya taɓawa sai da yardarta. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, mazarin nan ya taya ta riƙe gida har suka tasa.

To me ya kashe kaɗi? Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma tun 1902 aka kafa wata ƙungiya a Ingila mai suna BCGA, wadda aikinta neman auduga ne don masaƙun ƙasarsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, aka rinƙa kwasar auduga ana yin waje da ita, ana dawo mana da akoko da atamfa da zaren kanti. Kaɗi bai mutu nan take ba, ya yi ta fama shekara da shekaru, domin Baba ta Karo da aka rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 ta yi maganarsa a matsayin aikin mata na yau da kullum. Amma da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya, sai yadin inji ya yi arha, masaƙin gargajiya ya rasa masu saye, shi kuma da ya naɗe kayansa sai mai kaɗi ta rasa wanda za ta sayar wa. A haka mazari ya koma cikin taskira.

Shi kuwa kwarashi daga wata duniya ya taso. Sunan ma asalinsa Faransanci ne, ma'anarsa 'yar ƙugiya, Ingilishi ya ara, mu kuma bakinmu ya lanƙwasa shi ya zama kwarashi. A Turai ma ba tsoho ba ne sosai, domin sai a wajen 1823 aka fara buga yadda ake yin sa a wata mujallar mata a ƙasar Holan. Abin da ya ɗaukaka shi kuwa yunwa ce. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin ƙasar Ailan, wanda shi ne tuwonsu, aka yi shekaru ana yunwa har mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu. A cikin wannan hali aka rinƙa tara mata da 'yan mata ana koya musu saƙar kwarashi mai raga da siririn zaren auduga, suna kwaikwayon leshi mai tsada na masu kuɗi. Da kuɗin saƙar nan gidaje da yawa suka ci abinci, wasu ma da shi suka biya kuɗin jirgin ruwa zuwa Amurka. Daga baya har Sarauniyar Ingila Biktoriya ta koya, a 1900 ta saƙa mayafan wuya guda 8 da hannunta aka ba sojojinta da ke yaƙi a Afirka ta Kudu.

Mu ta ƙofar makaranta ya shigo mana. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na En'e a Kano da Katsina, daga baya aka yi a lardin Sakkwato, kuma a 1939 aka buɗe makarantar horar da mata a cikin birnin Sakkwato. Malaman Turawa mata ne, abin da suka fi ba ƙarfi kuwa shi ne tsabta da raino da ɗinki da saƙa. 'Yan matan da suka je ba su da yawa, amma kin san halinmu, in ɗaya ta iya abu a gida to kishiya da ƙanwar miji da 'yar maƙwabta duk sun iya. Ta haka kibiya da kwarashi suka bi gidajen aure suna yaɗuwa. Da Maryam Babangida ta kafa shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987, Maryam Abacha kuma ta biyo da nata na tallafa wa iyali a 1994, sai cibiyoyin mata suka yawaita a ƙananan hukumomi, ana koyar da saƙa da ɗinki da yin sabulu. Ni kaina a makarantar sakandare aka fara danƙa mini kwarashi, amma gwaggota ce ta gyara mini riƙo, ita da ba ta taɓa shiga aji ba.

Wadda ba ta iya ba tana ganin shawul mai raga kamar tsafi, alhali lissafi ne da haƙuri. Da sarƙa ake farawa. In kina son raga, sai ki yi doguwar saƙa, ki ja sarƙa biyu ko uku, ki tsallake ido, ki sake sokawa, to gurbin da kika tsallake shi ne hudar. In kika tara dogaye biyar ko bakwai a ido ɗaya sai su buɗe kamar mafici, da shi ake yin adon baki. Shawul na jariri akan faro shi daga tsakiya ana zagayawa, ana ƙari a kusurwa huɗu, na kafaɗa mai kusurwa uku kuwa ana ƙari a tsakiya da gefe biyu a kowane layi. In kika yi kuskuren ƙirga ido ɗaya, sai kin yi nisa za ki ga abin ya karkace, ba makawa sai warwara. Bayan an gama a wanke, a shimfiɗa a inuwa a kan tabarma, a ja gefunan a danne su har ya bushe, a lokacin ne ragar take buɗewa ta nuna kyanta. Na jariri dai a rage girman huda saboda 'yan yatsunsa. Kuma ki san wani abu, saƙar kibiya tun 1589 aka ƙera mata inji a Ingila, amma ainihin saƙar kwarashi har yau hannu ne yake yin ta. Duk shawul ɗin kwarashi na gaskiya da kika gani a kasuwa, wata mace ce ta zauna ta ƙirga idanunsa ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne fa bambancinmu da kakanninmu yake. Ita mai kaɗi audugarta daga gonar gida take ko ta maƙwabta, zaren nata ne, maza ne suke biyo ta suna nema. Mu kuwa zaren da muke kira ulu yawancinsa ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne da ake haɗawa daga sinadaran man fetur, yakan bi ta Kano ko Sakkwato kafin ya iso kantin garinmu, kowa ya ɗora ribarsa. Masaƙar Kaduna da ta ture mazari ita ma an rufe ta a 2002. Saboda haka yau auduga ba tamu ba, zare ba namu ba, abin da ya rage a hannunmu shi ne gwaninta da lokaci. Abin baƙin cikin shi ne su ne muke bayarwa kyauta. Mace ta yi mako biyu tana saƙa tsakanin girki da wanki, idonta na yaji, wuyanta ya ƙage, sannan 'yar uwa ta zo ta ce, "Haba Yaya, ai kuɗin ulu kawai zan ba ki, mu da ke ai ba ciniki." Ita kuma kunya ta hana ta magana. Wallahi kakata ba ta taɓa sayar da zare a kan kuɗin auduga ba, sai ta sa ladan yatsunta.

Maganar nan ba ta kwalliya ba ce kaɗai. Tun wajen 2011 da fitinar 'yan bindiga ta taso a Zamfara, ta yi ta yaɗuwa har ta taɓa ƙauyukan ƙasar Kebbe, mun ga mata sun baro gida da gona da dabbobi, daga su sai zanen jikinsu da goyo. Ga zawarci, ga mutuwar miji, ga tsadar abinci. Gona ba ta ɗaukuwa a ka, keken ɗinki ma sai da mota, amma kwarashi a gefen zane ake soke shi, abin da ke cikin kai kuwa ba mai ƙwace shi. Matan Ailan yunwa ce ta koya musu wannan, mu bai kamata mu jira sai ta ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Don haka shawarata gare ki ita ce, in za ki fara shawul ki rubuta kuɗin zare, ki ƙirga kwanakin da kika yi, ki yanka wa kanki lada kafin ki faɗi farashi, kuma ki karɓi rabin kuɗi tun kafin ki ja sarƙar farko. Ki gwada zaren auduga, domin shi ya dace da zafin ƙasarmu, na roba sai hunturu, in ba haka ba jariri ya yi ta ƙurajen zafi. Ku haɗa kai ku uku ko huɗu ku sayo zare a sari. 'Yarki kuma da ta kai shekara 8 ko 9 ki ba ta kwarashi da guntun zare bayan ta dawo daga makaranta, Hausawa suka ce da zaman banza gara aikin kishiya. In kuma akwai tsohuwa a gidanku ko unguwarku da ta iya kaɗi, ki kai mata goro ki zauna gabanta ta nuna miki yadda ake murza mazari tun tana da rai, domin irinsu sun kusa ƙarewa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka rufa mana asiri da yatsunsu, Ya sa albarka a abin da hannunmu yake yi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.