Sony MDR-7506

Sony MDR-7506 hedifon ne mai rufaffen baya wanda kamfanin Sony na Japan ya fitar a 1991. Da yake bayansa a rufe yake, yana rage hayaniyar waje, sautin ciki kuma ba ya fita ya shiga makirfo; shi ya sa ma'aikatan rediyo da masu ɗaukar sautin fim suka riƙe shi. Sai dai ƙara mai kauri, irin rurin injin jirgi, tana ratsa shi.

Ba shi da nauyi, ana naɗe shi a jefa a jaka. Rauninsa soson kunne: fatar robar da ke kansa tana sa gumi, in ta tsufa kuma takan ɓare ta bar baƙin ɓurɓushi a kunne. Akan sauya soson cikin sauƙi, amma wayarsa mai murɗi a manne take.