Abin da Ya Zaunar da Adas a Tukunyar Masar

Adas, ƙaramin ɗan'uwan wake, yana cikin amfanin gona na farko da ɗan'adam ya shuka a yankin Sham, kimanin shekaru 10,000 da suka wuce. Daga can ya gangaro kwarin Nilu ya samu gindin zama. An tarar da shi a kaburburan zamanin Fir'auna, aya ta 61 ta Suratul Baƙara ta ambace shi cikin cimar da Bani Isra'ila suka yi marmari bayan fitarsu daga Masar, kuma jirgin ruwan da ya kai wani dogon ginshiƙin dutse daga Masar zuwa birnin Rum a zamanin Sarki Kaligula da adas aka danne cikinsa don kada ya yi tangaɗi. Dauloli sun shuɗe, adas bai bar murhu ba, domin yana cike giɓin da hatsi ke bari a jiki.

Kusan kashi 25 cikin 100 na busasshen adas furotin ne, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Jan adas da aka ɓare ba ya bukatar jiƙo, cikin minti 20 ya narke, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce a ƙasar da itacen girki ya yi ƙaranci. Masana na cewa furotin ɗinsa bai cika ba, ƙarfensa kuma ba ya shiga jiki kamar na nama. Gaskiya ne, amma a dubi yadda ake cinsa. Miyar adas ta buɗa-baki da gurasa take zuwa, a matsa mata lemon tsami. Koshari kuwa shinkafa ce da taliya da adas, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa. Hatsi na kawo abin da adas ya rasa, tsamin lemo na taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen. Masu girki sun daidaita wannan tun kafin likitoci su bayyana dalilinsa.

Wasu za su ce talauci ne kawai ya riƙe shi, tunda abincin marasa hali ake kiransa. Lallai araha ta taimaka, amma ba ta isa hujja ba. Kiristocin Kibɗawa sun dogara da shi a dogayen azuminsu na ƙaurace wa nama, mai kuɗi da talaka. Yau kuma Masar daga waje take sayo mafi yawan adas ɗinta, har daga Kanada, duk da haka ba a daina ɗora shi ba. Da don dole ake cinsa, da tuni an yi watsi da shi ranar da ya koma kayan sayowa da kuɗin waje.