Auna Basirar Yaro Ta Hanyar Zane

Yaro mai kunya, ko wanda bai shiga boko ba, yakan kasa amsa tambayar baka alhali yana da basira. Shi ya sa ake auna basirar ƙirƙira ta hanyar zane. Fitaccen gwajin shi ne wanda masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Paul Torrance, ya fitar a 1966. Ana ba yaro zanen da ba a kammala ba ya ƙarasa, sai a duba yawan dabarunsa, sabuntarsu da yadda ya ƙawata su.

Yanayin gida yana shafar sakamakon. Ɗanku da bai saba riƙe fensir ba zai iya samun maki kaɗan, ko da gwani ne wajen ƙera motar kara. Don haka kada ku yanke masa hukunci da gwaji ɗaya.

Sai dai tamowa, ƙarancin jini da gubar dalma suna dakushe ƙwaƙwalwa. A 2010 dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Idan kuna Gummi ko kewaye, kuma kuka ga ɗanku ya rage wasa ko fahimta, ku kai shi asibiti a gwada jininsa.